Ntate Moeketsi da Mutanen Bayan Tudu

Duk ranar da za a yi harbin dare, kafin rana ta faɗi, Ntate Moeketsi Lephoi, wato Baba Moeketsi a yaren mutanen nan, yakan ɗauki sandarsa ya zaga bayan tudun ƙasar da ke tare harsasai. Ya kori shanun da suka ratso wayar shinge, ya leƙa kwazazzabo ko akwai masu itace, sannan ya gangara gidajen ma'aikatan gonar da ke maƙwabtaka da mu yana ƙwanƙwasa ƙofofi, yana kiran matan gida da Mme, wato Inna. "Mme, yau akwai harbi. A shige da wuri." In ya dawo sai ya kunna jar fitila a bakin ƙofa, ya zauna a benci, kowa ya kawo lasisi da bindiga da kwalin harsashi ya duba. Haka ya yi shekara da shekaru a matsayin mai kula da filin harbinmu na wajen garin Senekal, har wannan watan da gwiwoyinsa suka ƙi.

Tsokana ya fi samu a wurinmu, ba godiya ba. Oom Hennie Labuschagne, wato Kawu Hennie, tsohon manomi kuma shugaban ƙungiyarmu, yakan ce, "Ntate, kai ko inuwarka ce ta zo sai ka tambaye ta lasisi."

"Inuwata ba ta shan giya kafin ta riƙe bindiga, Oom."

Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Harsashinka ya dace da bindigar da ke lasisinka, kuma a kanti mai rajista ka saya. Wanda ya kurɓi wani abu ya tsaya wajen gashin nama. Harsashin nan kuwa mai wuta a gindi, wanda ke zana jan layi cikin duhu, ba ya taka filin ko da wasa.

Wani watan Agusta, wanda lokacin rani ne a nan wajenmu, ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa tun safe, wani sabon ɗan ƙungiya mai suna Deon ya zo da kwali yana fara'a. Ntate ya buɗe, ya ga fenti a kan harsasan, alamar masu wuta a gindi, ya rufe.

"A wane kanti?"

"Haba Ntate, wani ne a kasuwar gwanjon shanu, a bayan motarsa. Ya ce ba laifi ba ne. Ka taɓa ganin yadda suke tafiya? Kamar tauraro!"

"Shi mai motar zai zo ya kashe mana gobara?"

Ya kulle kwalin a akwatin ƙarfe. Bai san akwai wasu a aljihun rigar sanyin Deon ba.

Duhu bai daɗe da shiga ba aka ga jan layin. Ya tafi sak, ya daki dutse a fuskar tudu, kuma maimakon ya nutse cikin ƙasa sai ya yi sama, ya tsallake, ya karkata ya faɗa bayan tudun. Wajen gidaje. Babu wanda ya yi tafi. Muryar Ntate kawai aka ji, irin wadda ba mu san yana da ita ba: "A ajiye bindigogi! Kowa!" Kafin a gama ajiyewa, gefen tudun ya fara yin ja.

Waɗanda suka bi shi sun ce bai tsaya neman fitila ba. Buhu ya fizga, ya tsoma a randar ruwa, ya ruga. Iska na tura wutar gangare, tana cin ciyawa da ƙara kamar ana yayyaga zane. A ƙofar gidan farko ya tarar da Mme Puseletso ta tattara iyalinta, tana kiran sunan mijinta cikin hayaƙi.

"Ina Ntate Sello?"

"Ya je rufe awaki! Ba ya ji, Moeketsi, ka san kunnensa ya mutu!"

Garken yana tsakanin gidajen da wutar. Oom Hennie ya iso da motar tankin ruwa yana ihu, "Kada ka shiga, mutumin nan! Jira ruwa!" Ntate ya ce daga baya ya tabbata ba zai fito ba. Ya lulluɓa buhun ya shiga. Mutane na dukan wuta da rassa, mata na salati irin nasu, kowa na duban inda hayaƙi ya haɗiye shi. Can sai ga shi da rarrafe, yana jan tsohon, wanda wayar shinge ta riƙe wa wando. Hannuwan Ntate Moeketsi sun saɓule har gwiwar hannu. Awaki ba su tsira ba.

Washegari, da hannuwa a naɗe, ya koma ya ba da haƙuri. Mme Puseletso ta ja shi bayan ɗaki ta nuna masa rufin kwano. Huji ne nan da can, wasu har sun yi tsatsa.

"Mun daɗe muna jin abu na faɗowa kamar tsakuwa in kuna harbi."

"Mme, don me ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In faɗa a ce mun cika ƙorafi? Gonar ba tamu ba, filin ba namu ba."

Nan Ntate ya zauna a ƙasa. Harsashin jiya an gan shi ne don yana da wuta. Sauran, na duk shekarun da yake zagawa yana cewa a shige da wuri, ba wanda ya ga inda suka sauka.

Kai ne, Ntate, ka kai maganar ga 'yan sanda da ƙafarka, ko da yake ka san za a tambaye ka yadda harsashin ya wuce ka. Kai ne ka tsaya gaban 'yan kwamiti ka ce ba za ka sake kunna fitilar ba sai an tsince duwatsu an ƙara wa tudu tsawo, in kuwa sun matsu su nemi wani. An yi gunaguni, wasu sun koma wani filin, Deon ya rasa lasisinsa. Oom Hennie ya je ya ga rufin da idonsa, ya dawo ya turo katafilarsa. Tun daga lokacin ba a sake samun sabon huji ba, domin kai da kanka kake hawa tsani ka duba.

Ranar bankwana da Ntate Moeketsi, Mme Puseletso ta zo da mijinta. Wannan ne karon farko da suka shigo ta ƙofar gaba. Ntate Sello bai ji ko kalma ɗaya daga jawaban ba. Ya dai kama tabon hannun Ntate Moeketsi ya riƙe har aka tashi.

Mun gode, Ntate, mai tsoro domin wasu. Allah ya hutar da gwiwoyinka. Ku kuma masu son ganin wuta na gudu a sama, kafin ku sayi kwalin nan, ku tambayi doka, ku tambayi mai kula da fili, sannan ku taka da ƙafarku ku ga su wa ke kwana a inda harsashinku zai sauka.