Kaz Ba Ya Ƙarƙashin Kowa

Loretta Kubiak ta gane akwai matsala tun kafin Gwen ta buɗe baki. Gwen ce ke cike mata takardun haraji duk watan Fabrairu, a wani ɗan shago da ke tsakanin gidan wanki da mai sayar da taya a garin Toledo na Amurka, kuma Loretta ta san fuskarta sarai. Ta ga ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta ƙara matsawa kusa da kwamfuta.

"Lorrie, sun dawo da takardarki. Wai wani ya riga ki saka Kaz a tasa."

Kaz shi ne Casimir, ɗanta tilo, wanda ya gama jami'a a watan Mayun bara. Ɗalibin da ake ɗauke da nauyinsa, mutum ɗaya ne ke rubuta shi a takardar harajinsa, shi ne kuma ake mayar wa da rangwamen kuɗin karatu. Bana ce ta ƙarshe ga Loretta, kuma ta riga ta san inda kuɗin za su. Jami'a ta riƙe takardar sakamakon Kaz saboda ragowar kuɗin zangon ƙarshe, ga wani ɗakin gwaje-gwaje a Columbus ya ce zai ɗauke shi aiki in ya kawo ta kafin Afrilu ya ƙare.

Tun Kaz yana rarrafe Loretta take girki a wata makarantar firamare. Yara na kiranta Matar Dankali, ba ta damu ba. Hannunta kullum warin albasa da sabulu, gwiwoyinta kuwa sun daɗe da daina son matakala. Fabrairu ne lokacin girbinta, watan da hukumar haraji ke mayar mata da kuɗi. Wata shekara tayoyin mota, wata shekara na'urar ɗumama gida, wata haƙoran Kaz. Sau ɗaya ta sayi rigar sanyi ja, har yau ita take sawa, duk da jan ya koɗe.

Ba ta yi dogon tunani ba, ta ce Walt ne. Tsohon mijinta kenan, uban Kaz, wanda ya bar gidan yaron yana aji uku.

Ranar Juma'a ta same shi a zauren coci, inda ake soya kifi duk lokacin azumin Kirista. Yana tsaye bayan tebur da cokalin tsame kifi, tumbinsa ya tura ƙyallen girki gaba.

"A'a, Loretta! Kifi kika zo ci ko namana?"

"Walt, ko safa ɗaya ka taɓa saya wa yaron nan?"

"Na saya masa keke."

"Keken da ka dawo ka ɗauke. Ka saka shi a takardarka, ko ba ka saka ba?"

Walt ya yi dariya har da tari. "Ni? A Fabrairu? Yaushe kika taɓa ganin na cike haraji kafin ranar ƙarshe? Tawa ko ambulan ban buɗe ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Walt ya sha yi mata ƙarya, amma lalacinsa bai taɓa yi mata ba. Ta karɓi kifi biyu a takarda, ta fita ba ta biya ba.

Ta tarar da Kaz a kicin, ya dawo daga wurin wankin mota inda yake aiki tun da ya gama karatu, yatsunsa duk sun yamutse da ruwa. Ta ajiye masa kifin da miyar kabeji, ta zauna, ta ba shi labari tana murza gwiwa. Tana cikin magana ta lura ya daina tauna.

"Mama, na cike tawa tun Janairu. A waya."

"Taka ta me?"

"Ta albashin wankin mota. Akwai wata tambaya, wai ko akwai wanda zai iya saka ni a ƙarƙashinsa." Ya sunkuyar da kai. "Na ce babu."

"Babu."

"Ai na gama makaranta. Shekarata ashirin da biyu, Mama. Kunya na ji in rubuta cewa har yanzu ke ce ke ciyar da ni."

Loretta ta dubi kwanon da ke gabansa, ta dubi rigar da ta wanke masa jiya. A bayan ƙofa kuma ga sabuwar kwat rataye cikin leda, wadda ya saya da ɗan abin da aka mayar masa, don ranar fara aiki. Sai yanzu ta gane daga ina ta fito.

"To, maigida," ta ce, "wa ke biyan wutar da ke saman kanka?"

Kaz ya ajiye cokali. Ta so ta yi faɗa, ta nemi ƙarfin ta rasa. Ta tura masa burodi kawai. "Ci abincinka, zai huce."

Ranar Litinin suka koma wurin Gwen tare. Ta ce tun da yana aji har watan Mayu, a lissafin haraji ɗalibi ne na shekarar, kuma na uwarsa ne. Kaz zai gyara tasa, ya mayar da abin da ya wuce haƙƙinsa. Loretta kuma ba sauran aikawa ta kwamfuta, sai ta gidan waya.

"Sai yaushe kenan?"

Gwen ta ɗaga kafaɗa. "Wani wata biyu. Wani sai an shiga zafi, wajen Yuli."

Kaz ya mayar da kwat shago. Ya rubuta wa mutanen Columbus yana roƙon su ƙara masa lokaci. Loretta ta karɓi girkin Asabar a coci don ƙarin kuɗi, tana tsayuwa kusa da Walt.

Yanzu Afrilu ya kai rabi. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta tsaya a bakin titi ta buɗe akwatin wasiƙa, kafin ta fara hawa matakala. Hukumar haraji ba ta ce komai ba tukuna. Mutanen Columbus ma ba su amsa ba.