Hannun Hagun Abla Tahani

Shekara ashirin da bakwai Abla Tahani ta yi tana koyar da kiɗa a wata firamare a Iskandariyya. Sai sabuwar shugabar makarantar ta ce duk malamin kiɗa ya kawo takardar jarrabawar piyano, mataki na biyar, kafin ƙarshen zango. Wanda bai kawo ba a mayar da shi ofis ya riƙa buga hatimi.

Ita kuwa da kanun ta tashi, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, wanda mahaifinta ke ɗorawa a cinya yana kaɗawa a gidajen biki. A nan hannu biyu waƙa ɗaya suke bi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kiɗan jarrabawar na wani Bajamushe ne na shekara ɗari uku baya: dama ya fara, hagu ya shigo daga baya ya kama tasa hanyar. Hagun Tahani bai san wannan ba. Da an yi layi biyu sai ya koma bin dama.

"Ya sake binsa!" in ji Madam Araksi, tsohuwar da ke koya mata. "Tahani, hannu ne wannan ko ƙanwar amarya?"

"Tarbiyya ce, Madam. Babana ya hana shi musu."

"To ba babanki zai ba ki maki ba. Sake."

Tahani ta sa hannun dama a aljihu, mako uku hagu kaɗai take kaɗawa. Mijinta Fikri, tsohon direban jirgin ƙasan cikin gari, ya gaji.

"Hajiya, kwana nawa ina jin rabin waƙa? Ɗaya rabin yana gidan wa?"

"Yana bakinka. Ajiye shayin nan ka zo ka rera."

Muryar Fikri ba ta da daɗi, ga ƙarfi. Kullum bayan la'asar yana rera na dama, ita tana kaɗa na hagu, ta cije leɓe ta ƙi binsa. Maƙwabta suka fara rufe taga.

Ranar jarrabawa, a layi na tara, hagun ya zame ya bi dama. Ta ji shi. Ba ta tsaya ba, ta janyo shi ya koma hanyarsa har ƙarshe.

Da ratar maki uku kacal ta haye. Ta ajiye takardar a teburin shugabar, ta ce 'yan aji huɗu na jiranta.