Alwatikar Baba Kailu

Farcen Baba Kailu ba ya rabuwa da jan fenti. Ladidi ta lura da haka tun tana yarinya, in ta wuce rumfar facinsa a unguwar Bracodi, cikin Abijan. Kullum da safe sai ya share gaban rumfar, ya jera katakan da ya harhaɗa uku-uku ya shafe da ja. Yaran unguwa suna kiransu "triangle". Shi kuwa ya ce, "Alwatika ake cewa, 'yan Abijan. Gefe uku, kusurwa uku. Ku faɗa mu ji."

In mota ta mutu a titi, direbobi ganye suke karyowa su watsa a bayanta. Baba Kailu bai yarda da ganye ba. Sai ya ɗauki alwatika ya kafa can nesa da motar, don mai zuwa ya gani da wuri. Ba wanda ya sa shi.

Wata safiya ana tafka ruwa, Ladidi tana cikin gbaka, ƙaramar bas ta haya, za ta Treichville da jaririyarta a cinya. Ashe wata tirela ta mutu bayan kwana, ruwa ya share ganyen, ya kifar da alwatikar. Direba yana zuba gudu. Sai ga tsoho Baba Kailu tsaye tsakiyar titi, ya ɗaga alwatika sama da kansa.

"Tonton, kai tsoho, ka haukace ne?" direba ya kurma ihu.

Birki ya yi ƙara. Gbaka ta ja, ta bugi ƙafar tsohon, ta tsaya. Da suka fito, sai ga bayan tirela, tsakaninsu bai wuce tsawon tabarma ba. Wata mata ta zube cikin ruwa tana salati. Ladidi ta ƙanƙame 'yarta. Baba Kailu yana ƙasa yana cewa, "Ku tayar da alwatikar, wata motar na tafe!"

Bayan shekaru, ga kalaman Ladidi a gaban jama'a: Baba, kai ne katangar da ba mu san muna da ita ba. Tun ranar kake ɗingishi, har ƙafar ta raba ka da rumfa bana, ba ka taɓa faɗin dalili ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu mota, kowa ya ajiye alwatika a motarsa, kada wani tsoho ya sake tare titi da jikinsa.

Ran Juma'a, da aka sauko daga babban masallacin Treichville, Ladidi ta daure ta ba mutane labarin. Ta juya don ta nuna Baba Kailu, wanda shi ma ya zo salla. Ya riga ya zura takalmansa, yana jan ƙafa zuwa tasha.