Neman Kaza a Saman Guangzhou

Wautata tana da yawa, amma akwai guda da har yau idan na tuna sai in sunkuyar da kai ko da ba kowa a ɗakin: na taɓa sayen idon kyamara da hankalin mai sarin wando.

Ni ban yi boko ba. Lamba kawai na sani, ita ma a wuyan riga na koye ta. Shekara da shekaru ina sarin tufafi a kasuwar Shisanhang ta Guangzhou ina aikawa Kano, kuma dokar wurin ɗaya ce, babbar lamba babban kaya. Arba'in da biyu ya fi talatin da takwas cin yadi. Ban taɓa zaton akwai kasuwar da aka juya abin ba.

Yayana ne ya jawo. Manomi ne a ƙauyenmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har gemuna ya yi fari bai daina ce mini Auta ba. Da taurari yake noma. Kaza yake duba, wato taurarin nan da suke cure wuri guda kamar uwa da 'yan tsaki. Idan ta ɓace ya san damina ta ƙarato. A shekarar da aka yi wasannin Olympics a ƙasar da nake, yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata rana muna waya ya ce, "Auta, can inda kake akwai Kaza?"

Na ce, "Yaya, har da agwagwa, a rataye a bakin titi."

"Ta sama nake nufi, ja'iri. In dai tana zuwa can, rufi ɗaya ne a kanmu, sai hankalina ya kwanta. Ka ɗauko mini hotonta tun ina gani."

Tun ina gani. Nan na bar wasa.

Lokacin an matse biza, 'yan'uwa da yawa sun koma gida, ciniki ya yi sanyi, don haka ba abin da ya tare ni. Ina da kyamarar da nake ɗaukar samfurin kaya, irin wadda ake cire mata ido a sa wani. Na ɗauke ta na tafi kasuwar kyamarori, na shiga shagon wani dattijo Basine. Ba ya jin Turancina, ni ma kaina ba kullum nake jin sa ba. Na nuna sama, na yi ta ƙyafta yatsu. Ya gane. Ya ɗauko wani ɗan ido kamar gwangwanin tumatir, a jikinsa an rubuta hamsin, sai ɗaya da ɗigo takwas.

Na ce da Hausa, "Laoban, wannan ai na goye ne." Laoban shi ne maigida a bakinsu.

A bayansa na hango wani dogo kamar taɓarya. Ɗari uku, da biyar da ɗigo shida. Duk lambobin biyu sun fi. Ga taurari kuma da nisa, ai rijiya mai zurfi sai doguwar igiya. Na nuna shi. Dattijon ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Meyo, meyo."

Meyo na san ta, ita ce babu. Na sha jin ta a Shisanhang daga bakin wanda ya ɓoye kaya mai kyau don wani kwastoma. Na ce a raina, ni za ka yi wa babu, ga abu ina kallo? Na kafe har ya miƙo mini.

Kafin asuba na hau rufin gidan da muke haya, tare da abokin zamana, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin takalma. Saman Guangzhou ba baƙi ba ne, ja-ja ne kamar kunun kanwa da ya kwana. Na saita taɓaryata gabas na yi ta latsawa. Yawancin hotunan duhu ne. Guda biyu ne suka fito da wani layi a lanƙwashe kamar tana.

Alhajin ya leƙa, ya ce, "To madalla. Abincin kazar ka samu, saura ita."

Sai a lokacin na gane. Dattijon ba cewa ya yi babu kaya ba, cewa ya yi babu taurari.

Na koma shagon da kunyata a aljihu. Dattijon bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ɗaga idanun kyamarar biyu saitin fitila ya ce in leƙa. Dogon, raminsa ɗan tsurut ne can ciki. Gwangwanin kuwa baki wangale. Na tuna matan gidanmu idan hadari ya taso, ba mai fita tarar ruwa da kwalba komai tsawonta, baho ake fitarwa. Hasken tauraro yayyafi ne. A lamba ta biyun nan, ƙarama ita ce babban baki. Dalilin da ya sa masu boko suka juya lissafin haka, har gobe ban sani ba. Ya kuma juya tafin hannunsa a hankali a saman kansa: sama tafiya take, dogon ido kuwa kamar tsegumi ne, ɗan motsi kaɗan sai ya mai da shi dogon labari. Ya musanya mini dogon da gwangwanin, ya haɗa mini da sanda mai ƙafa uku, ya nuna mini inda zan murɗa.

Saura wuri mai duhu. Da za a loda kwantenar Alhajin a tashar jiragen ruwa ta Nansha na bi shi, muka kwana can. Gab da asuba muka fita bayan tashar, inda gonakin ayaba suke. Na ɗaga kai inda Yaya ya koya mini tun ina bin sa gona. Taurari biyu ko uku na gani, sauran hazo ne da hasken tasha, ga idona ni ma ya fara tsufa. Na dai saita gwangwanin wajen, na latsa, na riƙe numfashi.

Ga ta a bayan kyamarar. Ƙanana, a cure, kamar sanyi suke ji. Na sake ɗaga kai, babu. Na duba hannuna, akwai. Na daɗe tsaye a tsakanin biyun, har Alhajin ya ce lokacin salla zai fita.

Bayan ƙaramar salla na je gida da hoton, an wanke shi babba. Yaya yana zaune a ƙofar zaure. Idon hagu ya riga ya tafi. Ya juya bayansa ga rana, ya kawo takardar har tana taɓa hancinsa, ya yi ta bin ta da ɗan yatsa. Can yatsan ya tsaya.

"Ita ce," ya ce. "Har ɗan autan da yake raɓewa gefe."

Ya ɗora hoton a cinya ya dafe shi da hannu biyu. Sai ya tambaye ni yadda take a can, tana haske kamar tamu ko kuwa. Na iya ƙarya, sana'ata ta koya mini, amma ban taɓa iya yi masa ba. Na gaya masa idona bai kama ta ba, ƙarfen ne ya tara hasken ya nuna mini.

Ya ɗan murmusa.

"Ashe ni na riga ka ganin ta, Auta. Kai da ke da ido biyu."