Katin da Ya Zo na Goma Sha Ɗaya

A shekarun da aka farfasa titunan Riyad ana haƙa wa jirgin ƙasa hanya, ina aiki a ofishin ma'aikata na wani kamfanin gine-gine. Aikina shigar da bayanai a kwamfuta: wa ya zo, wa ya tafi hutu, iƙamar wa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Manhajar da muke aiki da ita daga Turai aka sayo ta, kuma wanda ya ƙera ta bai taɓa jin labarin mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba. Mutanenmu kuwa da yawa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu a fasfo, don dai a cike gurbi. In suna ya zo ɗaya, ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, sai manhajar ta haɗe mutum biyu su koma ɗaya. Lambar iƙama da za ta raba gardama, ko kallonta ba ta yi.

Haka ta yi wa wani dattijo magini, mutumin Maradi, da muke ce wa Baba. Takwaransa direba ya je gida ya dawo, sai allo ya nuna Baba ne ya ci hutunsa. Shekara uku rabonsa da gida, ga mahaifiyarsa a kwance. Kowace Alhamis yakan zo da ƙurar siminti har a gira, ya tsaya bakin ƙofa, ko zama ba ya yi. Na yi ta sintiri wurin mudir, wato shugaban ofis. Ya ce shi ba ya sa hannu a takardar fita sai da abin da allo ya nuna, in ina da ƙorafi in kai taron masu amfani da manhajar. Wallahi ranar kamar in ɗaga kwamfutar in maka ta da ƙasa.

Sau biyu a shekara ake taron, a zauren wani otal kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Masu manhajar ba sa sauraron kamfani ɗaya, sai ƙungiya. Kowane wakili zai rubuta gyaran da yake so a kati, a kafe a bango. Sai a ba kowane kamfani 'yan takardu jajaye masu gam guda biyar, su ne ƙuri'a, ka liƙa inda ka ga dama. Katuna goma da suka fi samun ja su ake miƙa wa wakilin masu manhajar, wanda ke zaune can baya yana kurɓar gahawa. Sauran su jira wata shida.

Na rubuta nawa: a riƙa bambanta ma'aikata da lambar iƙama. Lokacin shan shayi ban zauna ba, tebur-tebur na riƙa bi ina ba da labarin Baba da guntun Larabcina. Kowa ya gyaɗa kai ya ce mafi mushkila, ba damuwa. Wani Bamisire ma har dafa kafaɗata ya yi, ya nuna mini katinsa, yana son a ƙara girman rubutu a rahoton wata.

To nan na tafka wautar da har yau take cina. Da aka ce a liƙa, sai kunya ta kama ni. Ni da aka rena a gidan da mutum ba ya zuba wa kansa tuwo kafin baƙo, yaya zan tsaya gaban jama'a in zaɓi kaina? Sai na ɗauki abin kamar biki: ka kai wa mutum gudummawa, ranar taka ya rama. Na liƙa wa Bamisiren ɗaya, na rarraba sauran huɗun ga waɗanda suka fi gyaɗa mini kai. Na koma gefe ina jiran ramuwa. Ashe can kowa kan katinsa yake zube biyar ɗinsa, ko waiwaye babu.

Aka ƙirga. Katin girman rubutu ya zo na goma, nawa na goma sha ɗaya. Ƙuri'a biyu ce tsakani.

A tasi na dawo, cikin cunkoson da haƙan titi ya jawo, ina zagin kaina a zuci har muka iso. Ranar Alhamis Baba ya zo.

"Malam, an dace?"

"Suna dubawa, Baba," na ce, ina kallon allo.

Ya ce Allah ya sa albarka, ya juya. Watannin nan shida ban ga daɗinsu ba. Na rubuta wa masu manhajar da kaina, suka amsa cikin ladabi cewa in bi ta ƙungiya. Na koma wurin mudir, ya ce gobe in Allah ya so, goben da ba ta zuwa. Baba ya rage zuwa, daga baya ya daina, ni kuma tsoron tambaya ya hana ni nemansa.

Taro na gaba ko shayi ban sha ba. Ana cewa a fara, na nufi katina na danna masa biyar ɗin a jere. Ba wanda ya ko kalle ni. Katin ya shiga cikin goma. Bayan wasu watanni gyara ya iso, na raba Baba da takwaransa, sai ga hutunsa cif a allo.

Ranar Juma'a na same shi a kasuwar Utaiqa yana sayen albasa. Na miƙa masa takardar tun kafin mu gama gaisawa. Ya juya ta, ya ninke a hankali, ya sa a aljihu.

"Na gode, Malam. Tsohuwa ta rasu tun da damina. Na ga kana ta wahala a kaina, shi ya sa ban faɗa maka ba."

Na yi masa ta'aziyya, na riƙe masa ledar albasa har bakin titi. Shi ke ba ni haƙuri, wai na yi iya ƙoƙarina. Ban iya gaya masa cewa biyu kacal ake nema, kuma biyar ne a hannuna ba.