Doya a Kafaɗa

Cikin shekarun da na yi ina tace labarai a gidan rediyo a nan Minna, ranar da Saratu ta shigo ofishina ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, ku saurara.

Tsarinmu a shirin gajerun labarai shi ne marubuci ya kawo, ni edita in karanta, in miƙa wa shugaban sashe ya sa hannu, a naɗa ranar Alhamis, a watsa ranar Asabar. Yawancin abin da ake kawo mana kuwa labarin attajiran Abuja ne da hawan jirgin sama, daga mutanen da ko Suleja ba su taɓa wucewa ba.

Saratu malamar firamare ce, 'yar Gbagyi daga Garatu. Labarinta a kan wata manomiya ne mai kai doya kasuwa. Ta ce mahaifiyarta ce, tana kwance rai a hannun Allah, rediyo a gefen katifa. So take tsohuwar ta ji labarin kafin ta cika.

Rubutun ya yi kyau, amma wuri ɗaya ya tsaya mini a rai. Ta ɗora wa matar ƙwaryar doya a ka, har da gammo, alhali matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya.

Na ce, "Malama, yaushe matan Garatu suka fara ɗaukar kaya a ka?"

Ta sunkuyar da kai. "Oga, tun muna makaranta ake yi mana dariya da wannan kafaɗa. Ba na so a yi wa Mama dariya a rediyo."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma na daure. "In aka karanta haka, Mama za ta ɗauka labarin wata ne. Me ta taɓa gaya miki game da kafaɗar?"

"Ta ce kai shi ke yi wa jiki duka tunani, ba a wulaƙanta shi da kaya."

"To, ai labarin ke nan, kuma shi kika cire."

Ta zauna a bencin waje ta sake rubutawa. Ta mayar da doyar kafaɗa, ta sa har da baƙar kanta mai tauri da ke kafaɗar tsohuwar, wadda take shafa wa man kaɗe tun tana yarinya. Shugaban sashe ya ce jerin makon ya cika. Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran za su iya jira. Wadda aka yi wannan dominta ba za ta iya ba." Ya dube ni, ya sa hannu.

Ba a daɗe ba Saratu ta dawo, duk ta zabge. An yi jana'iza. Ta ce ranar Asabar ɗin, da mai karatu ya zo wurin kantar, tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Wannan ni ne. Ashe kin gani."

Tun daga ranar, duk marubucin da ya tambaye ni me zai rubuta, ba na tura shi ko'ina. Cewa nake yi ya nuna mini abin da ya goge don kada a yi wa gidansu dariya.