Rayuwar Koci Barnabas Ɗan'azumi na Dingaya

An haifi Barnabas Iliyasu a watan Maris na shekarar 1960 a Dingaya, cikin ƙasar Gwaram. Mahaifinsa Iliyasu manomi ne, mahaifiyarsa Mero kuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, dukkansu Hausawa mabiya addinin Kirista. Da yake haihuwar ta zo cikin watan azumi, maƙwabtansu Musulmi suka laƙaba masa Ɗan'azumi, sunan da ya bi shi.

Karatu

Ya yi firamare a Gwaram, sannan a 1974 ya shiga wata kwalejin horon malamai a Kano, inda ya shahara a ƙwallon ƙafa. A can ne ɗalibai suka riƙa yi masa ba'a, wasu na cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, wasu na kiransa baƙauye. Daga nan ya jefar da sunan Ɗan'azumi, ya rungumi Turanci, ya bar mutane suna zaton baƙo ne daga kudu.

Aiki da Aure

Ya auri Justina a 1986. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka damƙa masa horar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa a Birnin Kudu. Ya san aikin, amma da Turanci yake ba da umarni, cikin tsawa, yara na gyaɗa kai ba tare da sun fahimta ba.

A 1993 mahaifiyarsa ta zo har filin wasa da ƙullin ƙuli-ƙuli a ka. Da 'yan wasa suka tambayi ko wace ce, ya ce wata tsohuwa ce da ke yi wa matarsa aikace-aikace. Sai mai tsaron ragar ƙungiyar, Badaru, wanda shi ma ɗan Dingaya ne, ya durƙusa ya ce, "Inna Mero, sannu da hanya. Wajen Ɗan'azumi kika zo?" Ta ajiye ƙullin ta ce, "A'a ɗan nan, hanya ce ta biyo da ni." Ta juya ta tafi.

Nan 'yan wasan suka gane mahaifiyarsa ce ya musanta, daga ranar maganarsa ta daina tasiri a kansu, ƙungiyar kuma ta watse kafin shekara ta zagayo. Mero ta rasu a 1995, alhali kunya ta hana shi taka gidanta.

Komawa Gwaram

A 1997 ya nemi a mayar da shi Gwaram, ya tara yaran Fagam da Farin Dutse. A ranar farko ya gabatar da kansa da Hausa, a matsayin Ɗan'azumi ɗan Mero, Kirista. Yakan tsayar da atisaye idan an kira sallar la'asar, su kuma ba sa nemansa da safiyar Lahadi. Yaran da suka ji tsoron kocin Birnin Kudu da sun gan shi a nan da ba su gane shi ba, domin har damuwar gida ake kawo masa. Ƙungiyar ta ci kofuna, sai dai bai taɓa yarda ya tsaya a hoton nasara ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2016, bayan jinyar hawan jini. An yi masa addu'a a majami'a, aka binne shi a Dingaya, tsofaffin 'yan wasansa Musulmi ne suka haƙa kabarin. Ya bar matarsa Justina da 'ya'ya uku: Gerald, Prisca da auta Maryamu.